Daga Helsinki: amsar ƙanina mai son ajiye jami'a

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da hoton, ƙarfe uku da rabi ne na rana amma kun ga har duhu ya fara rufewa. Haka Disamba take a Finland.

Wani ƙanina ne ya turo mini saƙo daga Zariya. Yana aji biyu, ya ɗanɗana kodin, wato rubuta manhajar kwamfuta, ya ji daɗi, wai zai ajiye karatun ya rungumi kwamfuta. To ƙanina, dubi ginin nan na bayana, Jami'ar Helsinki ke nan. A nan Linus Torvalds yake ɗalibi a 1991, yana ɗan shekara 21, ya fara rubuta Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, don sha'awa kawai. Idan da Android kake kallona, a kan aikinsa wayarka take tafiya. Kuma bai bar makaranta ba sai da ya yi digiri na biyu. Ni ma da na zo neman izinin aiki, kwalin nan da nake rainawa aka fara tambayata.

Lokaci kuwa kana da shi, kar ka ce mini babu. Yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. A wani yajin na zamaninmu, ka san me na yi? Bidiyon koyarwa na yi ta saukewa da datar dare har kwamfutar ta cika, amma ko layi ɗari ban rubuta ba. Abin da ya farkar da ni shagon kawuna ne. Manja ya zube a littafin bashinsa, sunaye suka dame, na zauna na haɗa masa 'yar manhaja da yaren kodin na Python. Mummuna ce wallahi. Sau biyu tana haɗiye bashin wata Hajiya, Kawu ya ce in kwashe tsiyata. Sati guda ina farautar matsalar, ashe rufe fayil ne ban yi ba. Wannan satin ya fi duk bidiyon nan koya mini aiki.

Ka ɗauki kwas ɗaya. CS50 na Harvard kyauta ne, na Python na jami'ar nan ma yana shafin mooc.fi kyauta. Ɗaya fa na ce, ka kai shi ƙarshe, abin da ka gina ka ɗora a GitHub, shafin da masu kodin ke ajiye aikinsu. In an yi La'asar kuma ka rufe kwamfutar ka tafi ƙwallo.

Kai, yatsuna sun ƙage. Bari in ƙarasa laburaren Oodi in ji ɗumi, can zan nuna muku inda nake zama in yi aiki.