Wa Ya San Inda Suke Kwana? Lacca Kan Hidimar Baƙi da Agajin Gaggawa a Legas

(An rubuto wannan daga faifan muryar laccar da wani fasto ya yi a taron zumuntar Kiristoci masu sujada da Hausa a Agege, Legas. An bar maganar yadda ta fito.)

Salama a gare ku cikin sunan Yesu. Na can baya, kuna ji? Ɗana mai kula da na'ura, ɗan ƙara murya, janareta na neman ya fi mu ƙarfi. Yawwa. Dattawan ikilisiya, iyayenmu mata na zumunta, matasa, ina gaisuwa. Waɗanda suka taso daga Mile 12 da Idi-Araba da Apapa, sannunku da cunkoso. Na san akwai wanda ya fito tun da asuba don ya riski taron ƙarfe goma.

An ce in yi magana a kan hidimarmu ga baƙi, da kuma agaji idan masifa ta auku. Abubuwa huɗu ne a bakina, in lokaci ya bari.

Na farko tarihi ne, kuma ba zan daɗe a kai ba. A watan Disamba na 1893, samari uku suka sauka daga jirgin ruwa a nan Legas: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Arewa suka nufa da bishara. Kafin shekara ta zagayo Gowans da Kent sun rasu, Bingham kuwa zazzaɓi ya kwantar da shi, ya koma gida. Daga wannan tafiya ƙungiyar mishan ta SIM ta fito, daga SIM kuma ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa. To ku duba ikon Allah. Arewar da mutanen nan suka ba da ransu suna nema, yau ga ta a Agege, ga ta a Obalende, ga ta a Alaba Rago. Tirela ce ke sauke ta kullum da asuba, tare da tumatir da albasa da shanu.

Su wane ne baƙin? Mutumin Legas kallon Bahaushe yake yi mana duka, kun sani. (dariya) Amma ɗaga hannu in kai Margi ne. Bura? Kilba? Tangale? Bajju? Ngas? Ga 'yan'uwanmu na Nijar can kusa da taga, akwai na Chadi, akwai na Kamaru. Hausa ce ta tara mu a majami'a ɗaya. Wani cirani ya zo, damina ta faɗi ya koma gona. Wani kuwa ba shi da gonar komawa. 'Yan EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, da ke nan ba sa bukatar in tuna musu 2014: daren 14 ga Afrilu aka kwashe 'yan mata 276 a Chibok, akasarinsu 'ya'yan EYN ne, ranar 29 ga Oktoba kuma hedikwatarta da ke Kwarhi ta faɗa hannun Boko Haram tare da Mubi, har shugabanni suka koma Jos na wani lokaci. Da yawa daga cikin masu gadi da 'yan acaɓa da 'yan dako da kuke gani a garin nan, daga waɗancan shekaru ne suka shigo.

Na biyu, kuma a nan zuciyata take, ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 6. Ikilisiyar Urushalima tana ƙaruwa, ana rabon abinci kowace rana, sai gunaguni ya tashi. Yahudawa masu jin Helenanci suka ce ana tsallake gwaurayensu mata a wurin rabo. Ku lura, Littafi bai ce wani ya saci abincin ba. Bai ce manzanni sun tsani matan nan ba. Abinci yana nan, masu kirki suna nan, amma akwai tsohuwar da ba ta samu ba, domin mai rabon bai san ƙofarta ba, bai kuma jin harshenta sosai. Wannan ita ce matsalarmu a Legas, ita ce ita ce.

Bari in nuna muku yadda abin yake. Duk wanda ke zaune wajen Agiliti ko Owode ko Ajegunle ta hanyar Ikorodu ya san abin da ke faruwa idan aka saki ruwan madatsar Oyan, kogin Ogun ya cika ya batse. Ruwa ya shiga ɗaki, katifa ta jiƙe, buhun garin kwaki ya zama kunu. Bayan kwana biyu sai a ji za a kawo agaji, a ce a rubuta sunaye. Wa ake rubutawa? Mai gida, da ɗan haya mai rasit. To maigadin da ke kwana a ɗan akurkin ɗakin bakin get fa? Na shiga irin ɗakin nan. Benci ɗaya, tabarma a naɗe a kusurwa, rediyo a rataye da ƙusa, jakar Ghana-mos-go a ƙarƙashin benci, cikinta kuwa duk abin da mutum ya mallaka ne: kayan sujada, Littafin Waƙoƙi, katin zaɓe, da kuɗin da yake tarawa don ya aika wa mahaifiyarsa a Askira. Ba shi kaɗai ke kwana a ciki ba, ƙannensa biyu ne ke karɓa-karɓa da shi, mai tura kurar ruwa ya kwanta da dare, shi mai gadin ya kwanta da rana. Mutum uku ruwa ya ci, ba ko ɗaya a takarda. Mai rubutun bai yi mugunta ba. Bai san suna nan ba ne kawai.

Mu fa, mun sani? Wannan ita ce tambayar da nake so ta hana dattawa barci yau. Yaron nan yana zuwa sujada, yana zama a bencin baya, yana sa baiko, ana tashi ya fice domin maigidansa ya ce ƙarfe sha biyu ya dawo bakin aiki. Mun san fuskarsa. Wa ya san inda yake kwana?

Waɗanda suka daɗe a garin nan suna tuna Lahadi 27 ga Janairu 2002, ranar da rumbun makamai na barikin sojan Ikeja ya kama da wuta. Bama-bamai suna tashi, mutane suna gudu ba su san inda suka nufa ba, ɗimbin jama'a suka afka cikin magudanar ruwan Oke-Afa, wadda ciyawa ta rufe samanta. Sama da mutum 1,000 suka rasu, yara da yawa a ciki. An yi kabarin bai ɗaya a Oke-Afa ga waɗanda ba a gane su ba. Ku yi tunanin uwar da ke ƙauye, ɗanta ya tafi Ikko neman kuɗi, shiru, shiru, har yau ba wanda ya zo ya ce mata ga abin da ya faru. Ba a yi mako guda ba kuma rikicin ƙabilanci ya ɓarke a Idi-Araba da ke Mushin, aka sake watsewa. Mama na ga kina share hawaye, na san kina Mushin a lokacin. Allah ya ta'azantar da mu.

Saboda haka abin da nake roƙo ba shi da tsada. Littafi ne mai bango mai ƙarfi, da biro. Kowace majami'a ta buɗe rajistar baƙi. A rubuta sunan mutum, da sunan da aka san shi da shi a gida, domin sau da yawa ba ɗaya ba ne. A rubuta garinsu da harshensa. A rubuta inda yake kwana, na ce inda yake kwana, ba inda yake aiki ba: ƙarƙashin wace gada, bayan wane shago, wane kango. Lambar wayarsa, da lambar wani nasa a gida. Su wa suke kwana tare. In yana da hawan jini ko ciwon sukari ko farfaɗiya, a sa. Matar da ke da juna biyu, a sa wata nawa. Kada a ajiye littafin a ƙasan kabad inda ruwa zai fara ci, a ɗauki hoton kowane shafi a waya, a ba mutum biyu amintattu. Kuma amana ce. Ɗan siyasa ya zo lokacin zaɓe ya ce a ba shi, ba a bayarwa. Baƙon da bai da cikakkun takardu ba zai faɗa maka inda yake kwana ba sai ya tabbata bakinka a rufe yake.

Wa zai riƙe littafin? Ku koma sura 6 ɗin. Manzanni suka ce a zaɓi mutum bakwai, kuma duk bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su, Istifanas, Filibus da sauransu, har da Nikolas mutumin Antakiya. Wato ɓangaren da ya yi kuka, shi aka danƙa wa ludayin rabo. Mu kuwa sai mu kafa kwamitin agaji, duk manyan ma'aikata masu mota, mutanen kirki ne ƙwarai, amma ba wanda ya taɓa kwana a tasha. A sa ɗan acaɓa a ciki. A sa mai shayi, domin teburinsa ya fi ofis ɗina jin labari. A sa zumuntar mata, su da ko akuya ta haihu a unguwa sun riga kowa sani. (dariya da tafi) Zumunta a ƙafa take, su kuma ƙafarsu ba ta hutawa.

Na nawa muke? Na uku ko? To, na uku, a gurguje. Kada mu ɗauka baƙo mai karɓa ne kawai. A Ayyukan Manzanni sura 11, waɗanda tsanani ya warwatsa bayan kisan Istifanas su ne suka kai bishara Antakiya. Da Agabas ya yi annabcin yunwa a zamanin Kalaudiyas, ikilisiyar nan ta 'yan gudun hijira ce ta haɗa gudummawa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, ta aika Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. Na ga irin wannan da idona a Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye Maiduguri. Masu gadi ne suka fara zuwa da kuɗi a ƙulle a leda, kafin ma a yi sanarwa.

Sai kuma mu san iyakarmu. Gini ya rufta ko wuta ta tashi, ba addu'ar sarƙa ce farko ba, a kira 112 ko 767, hukumar agajin gaggawa ta Legas, LASEMA, da 'yan kwana-kwana su zo, addu'a kuma tana tafiya a baki. Akwai NEMA ta gwamnatin tarayya, akwai Red Cross, 'yan'uwanmu Katolika suna da ƙungiyoyin agajinsu, Caritas da JDPC, akwai ƙungiyar Kirista ta CRUDAN a Jos da ke horar da ikilisiyoyi kan irin wannan aiki. Mu san su tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Ina kuma so matasa su riƙe sunan Sista Henrietta Alokha, shugabar Bethlehem Girls College a Abule Ado, wadda ta tsaya fitar da ɗalibanta ranar 15 ga Maris 2020 da wata babbar fashewa ta auku a unguwar, ita kuma ba ta fita da rai ba.

Na huɗu... Mama, hannunki a sama yake tun ɗazu. A ba ta makirfo.

(Wata daga zumuntar mata: Baba, mun gode. Tambayata ita ce, ranar rabo kayan ba sa isa. Buhu biyar ne, ga namu, ga maƙwabta Musulmi da Yarbawa da ruwa ya ci mu tare, suna tsaye suna kallo. Yaya za mu yi?)

Mama, Allah ya yi miki albarka, wannan ta fi abin da na shirya. Ba zan ce miki abu ne mai sauƙi ba. Galatiyawa 6:10 ta ce mu yi wa kowa alheri, musamman iyalin bangaskiya. Gwauruwar da ke cikin littafinmu, wadda ba ta da kowa sai mu, nauyinta a wuyanmu yake, ba za mu bar ta ba. Amma in buhu biyar ne, a buɗe su a auna da mudu. A fara da mai jego, da tsoho, da gidan da ke da ƙananan yara, ko sunan maigidan Bitrus ko Abubakar ko Tunde. Na fi so kowa ya tafi da mudu biyu, da a ce namu sun ɗauki rabin buhu maƙwabci ya kwana da yunwa yana jin ƙamshin girkinmu ta katanga.

Kuma don Allah, kada a ce sai mutum ya zauna ya saurari wa'azi kafin a ba shi shinkafa. Basamariyen nan na Luka 10 ya ɗaure raunuka, ya biya kuɗin masauki, ya tafi, bai gindaya sharaɗi ba. Mutum ya tambaye ki dalilin da ya sa kike yi, ki faɗa masa da murna, Yesu ne. Kada kuma a jera mutane da ƙullin abinci a ka ana ɗaukar su hoto don Facebook. Magidanci ne, jiya shi ke ciyar da gidansa.

Abu na ƙarshe a kan tambayarki, Mama. Kafin damina, dattawa su je su gaida Sarkin Hausawan unguwa, su gaida limamin masallaci, su gaida Bale, wato mai unguwar Yarbawa. Limamin ya san gidajen da mu ba mu sani ba, mu ma mun san waɗanda bai sani ba. In an haɗa sunayen, sai a ga wa ya karɓa sau biyu, wa aka tsallake.

Shugaban taro yana nuna mini agogo. Na huɗun maganar asusun gaggawa ce, baiko na musamman da ba a taɓa shi don gini ko biki, wannan sai zama na gaba, ma'aji ka zo da shiri. Sakatarorin majami'u da shugabannin zumuntar mata, bayan addu'ar rufewa kada ku tafi, mu haɗu a ƙarƙashin rumfar waje mu tsara shafin farko tare. Wanda ya zo da biro ya ara wa ɗan'uwansa. Dattijo, ka rufe mana da addu'a.