Kujera, Kwanon Ruwa da Tsohuwar Kyamara: Lacca Kan Ɗaukar Hoton Tsuntsaye Ga Masu Doguwar Jinya

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To, madalla. Wanda zama ya dame shi ya miƙe, wanda tsayuwa ta gajiyar da shi ya zauna, wanda lokacin maganinsa ya yi ya sha abinsa, ba sai an nemi izini ba. Abu biyar zan taɓo: kayan aiki, tazara, saitin kyamara, lissafin ƙarfin jiki, sai gyaran hoto. Biyar na ce, ku riƙe min lissafi.

Na farko, kaya. Mai ciwon da ya zauna masa a jiki, sikila ce ko suga ko asma ko ciwon gaɓɓai, kafin ya tambayi kuɗin lensi, ya fara tambayar nauyinsa. Dogon lensin nan na Sigma mai milimita 150 zuwa 600, wanda kowa ke haɗiyar yawu a kansa, ya kusa kilo 2 shi kaɗai. Ɗaga shi minti goma ka ji yadda kafaɗa za ta yi maka magana. Ɗan ƙaramin Canon 55-250 STM kuwa giram 375 ne. Na Nikon AF-P DX 70-300 bai wuce giram 400 da 'yan kai ba, amma ku kula da abu biyu: iri biyu ne, a ɗauki mai alamar VR, mai rage rawar hannu, sannan ba ya aiki da tsofaffin kyamarori irin D90 ko D3100. Akwai kuma kyamarar da lensinta a manne yake, kamar Nikon P900 ta 2015, mai jawo abu kamar lensin milimita 2000. Tana jawowa, ba musu, amma sensarta, wato ɓangaren da ke karɓar haske a cikinta, ƙarama ce, da haske ya ragu sai hoto ya dagule.

In na hannu za ka saya, haska tocila ta cikin lensi. Ka ga wani farin zare-zare kamar yanar gizo-gizo? Fumfuna ce, ajiye musu kayansu. 'Yar ƙura kuwa kada ta tsorata ka, ba ta fitowa a hoto. Shi ke nan maganar kaya, ba a nan gizo ke saƙa ba.

Na biyu, tazara. Ku gyara zama, don a nan za mu daɗe.

Ɗauki kyamara mai sensa matsakaiciya, irin wadda ake kira APS-C, faɗinta kusan milimita 23. Ɗora mata lensi mai 300. In tsuntsu yana nesa da kai mita 12, faɗin abin da hoton zai ɗauko ya kusa mita ɗaya. Gwara mai tsawon santimita 14 sai ta zama ɗan ɗigo a tsakiya, ka yi ta yanke gefe-gefe har hoton ya farfashe. Yanzu gwarar nan ta dawo mita 4. Faɗin hoton ya koma santimita 30. Ta cinye kusan rabin hoton, kana ƙirga gashin wuyanta ɗaya bayan ɗaya. Lensin bai canja ba, ba a ƙara ko sisi ba. Kafin ka samu wannan girman daga mita 12, sai lensi mai milimita 900. Wa ke da shi a nan? (dariya) To kun gani. Ka rage tazara da rabi, daidai yake da ka ninka tsawon lensinka. Na sake faɗa? Rabin tazara, ninkin lensi.

Kuma ba girma kaɗai ba. Iskar da ke tsakaninka da tsuntsu ita ma tana shiga hoto. Da rana ta ɗaga, ƙasa ta yi zafi, iska sai ta riƙa wannan rawar da kuke gani a saman kwalta. Lensi mai tsada ba ya maganinta, ƙara fito da ita ma yake yi. A mita 4 babu isasshiyar iskar da za ta ɓata maka aiki.

To yaya za a matsa kusa? Ba za a matsa ba. Wanda ya bi tsuntsu, hoton wutsiya zai kawo gida, ga haki, ga ciwon ƙafa. Zafin nema ba ya kawo samu. Shi za ka sa ya zo, kuma abin da ke kawo shi ruwa ne. Hatsi masu cin hatsi kaɗai yake kira, ruwa kuwa kowa na sha, kowa na wanka, har masu cin ƙwari da ba za su ko kalli hatsinka ba.

Nemi kwano mai faɗi marar zurfi. Zurfin ruwan santimita 2 zuwa 3 a baki-baki, tsakiya kada ya wuce 5. Ƙananan tsuntsaye ba sa shiga ruwan da ba su ga ƙarshensa ba, kuma santsi na tsorata su, don haka a sa dutse mai kaushi a ciki, kansa a waje. Sai a rataya gorar roba a sama, a huda gindinta da allura, huji ɗaya tak, ta riƙa ɗiga kamar sau ɗaya a daƙiƙa. In ɗigon ya yi sauri, ɗan ƙara ɗaure murfin. Ƙarar ɗigon da ƙyallin ruwan da ke motsi su ne tallar. Kwano shiru sai ya yi kwanaki ba a lura da shi ba.

A ajiye shi kamar mita 2 zuwa 3 daga wata bishiya ko shuka mai duhu. In ya manne da duhuwa, ka shirya wa kyanwa walima. In ya yi nisa a fili fetal, tsuntsu ba zai amince ba, don ba shi da wurin tsira idan shaho ya kawo farmaki.

Yanzu ga sirrin, reshe. Hoton tsuntsu a bakin kwanon roba ba hoto ba ne. Tsuntsu ba ya faɗawa ruwa kai tsaye, sai ya sauka a wani wuri kusa, ya duba hagu, ya duba dama, daƙiƙa biyu ko uku, sannan ya sauka. Waɗannan daƙiƙun su ne naka. Kafa reshe a gefen kwanon, tazarar santimita 30 zuwa 50, ya ɗan fi ruwan tsayi. Reshe ɗaya! Ka sa uku, zai zaɓi wanda ba ka saita ba, kamar da gangan. Kaurinsa ya dace da ƙafar mai hawa: ƙananan tsuntsaye kaurin fensir, kurciya kuma kamar babban yatsa. Bayan kwana biyu a canja wani, don hotunanka kada su zama kamar na fasfo, kowa a kujera ɗaya.

Bayan reshen fa? Mutane suna kallon tsuntsu su manta da abin da ke bayansa. Wannan laushin bayan da kuke gani a hotunan ƙwararru, kuna cewa aikin lensi mai tsada ne, rabinsa aikin tazara ne. Ka kasance mita 4 daga reshe, ganye ko bangon da ke baya ya kasance wani mita 4 ko fiye, sai ya narke ya zama launi kawai. In bango ne mummuna, rataya masa ƙyalle mai ruwan ganye ko ruwan ƙasa, marar sheƙi.

Kujerarka kuma, rana ta kasance a bayanka, inuwarka na nuna reshen. Lensi daidai da tsayin idon tsuntsu, kada ka leƙo shi daga sama. Don haka a ɗora kwanon a kan wani abu da ya kai tsayin gwiwa ko ƙugu, wanda kuma ya hutar da mai ciwon baya sunkuyo. Daga cikin ɗaki ma ana yi, kai, shi ya fi. Amma a buɗe tagar, gilashi yana cinye kaifin hoto yana rikita fokos. A saki labule, a bar kan lensi kaɗai a waje. Kada a riƙa kaɗa shi hagu da dama. Motsin gaggawa ke korar tsuntsu, ba ganin mutum ba. Kwanakin farko ba lallai kowa ya zo ba, a ba su mako ɗaya ko biyu, kada a yi ta matsar da kwanon.

Tsaya, ban gama da ruwan ba. A canja shi kullum. Sauro yana tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kamar mako guda zuwa kwana goma, mai sikila kuwa ba ya buƙatar gonar sauro a gindin tagarsa. Su ma tsuntsayen, akwai cutar da ke kama maƙogwaron kurciyoyi da ƙananan masu cin hatsi, tana yaɗuwa ta ruwan sha. Ka ga wani ya kumbura gashi, ya kasa haɗiya, ɗauke kwanon na mako biyu. Wanki kuma, bilic kashi ɗaya, ruwa kashi tara, a ɗauraye sosai, a shanya. Mai asma ya ba wani wannan aikin, warin na tayar da ita. Wanda yake shan maganin da ke rage garkuwar jiki ya sa safar hannu, kuma kada ya share busasshen kashin tattabara, ƙurarsa na ɗauke da ƙwayoyin cuta. A jiƙa shi tukuna.

Na huɗu... na uku ko? Na gode, malam. Saiti, a gurguje. Saurin shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗe ido: 1/1000 ga ƙaramin tsuntsu a reshe, don ko yana zaune kansa bai zauna ba, 1/2000 ko fiye in yana wanka ko tashi. Ƙofar haske f/8, domin lensi mai araha yakan yi laushi in an wangale shi a ƙarshen tsawonsa. ISO, wato yadda kyamara ke ƙara wa hoto haske, a bar mata ta zaɓa, a yi mata iyaka a 1600 ko 3200. Hoto mai ɗan yashi-yashi ana gyara shi, wanda ya girgiza kuwa sai shara. Fokos ɗigo ɗaya, a kan ido. A mita 4 da lensi 300 a f/8, abin da zai fito tar bai wuce zurfin santimita 5 ko 6 ba, ka saita a wutsiya, ido ya tafi. Tsuntsu a sararin sama a ƙara haske mataki ɗaya, fari irin balbela a cikin duhun ganye a rage.

Sai jiki. Ka tashi tun kana da saura. Wasu cututtukan ba a ranar suke karɓar bashinsu ba, sai gobe ko jibi, saboda haka yadda kake ji a kujera ba ma'auni ba ne. Fara da minti 20, sa agogo ya buga, tsuntsu na nan ko ba ya nan a tashi. Ka rubuta yadda ka kwana, ka yi mako a haka kafin ka ƙara. Sa'ar farko bayan fitowar rana ita ce ta haske mai kyau, amma ita ce ta sanyi, kuma sanyi da ƙishirwa suna tayar da ciwon sikila, don haka rigar sanyi da gorar ruwa su riga kyamara zuwa kujera. In safiya ce lokacin da gaɓɓai ke sandarewa, ga la'asar sakaliya nan, haskenta bai gaza ba. Masu cutar lufus da masu shan maganin doxycycline, rana na ƙona ku fiye da kowa, inuwa dole. Batir da memori a shirya su tun dare. Duk wannan kuma ba ya maye gurbin maganar likitanka.

Na ga hannu. Bismillah, Hajiya.

(Tambaya daga cikin masu sauraro: Malam, wanda hannunsa ke rawa fa, ko kofin shayi ba ya iya riƙewa daidai?)

Yawwa, Allah ya ƙara lafiya, Hajiya. Da farko a san mafarin rawar. Maganin shaƙa na asma, salbutamol, yana sa hannu karkarwa na wani lokaci, sai a ɗan jira ta lafa, amma kada a fasa shaƙa saboda hoto. Mai suga kuwa, in rawa ta zo da gumi da yunwa, ajiye kyamara a gwada jini. In sukarin jini ya yi ƙasa da 70 mg/dL, a sha abu mai sukari giram 15, a sake gwadawa bayan minti 15. Wannan ba matsalar hoto ba ce.

In kuma rawar ta zama ta kullum, to kada ki riƙe kyamarar sam. Kin ga amfanin reshen nan ɗaya? Kin riga kin san inda tsuntsu zai sauka. A ɗinka ƙaramar jaka ta yadi mai kauri, a zuba mata yashi busasshe kilo ɗaya zuwa biyu, kada a cika ta tam, a ɗora a bakin taga, a danna lensi ya kwanta a ciki. Ko a kafa kyamarar a kan abin ɗorawa mai ƙafa uku, kada a zaro sandar tsakiya, ita ce mai lilo. Ki saita fokos a kan reshe, daidai inda ƙafa za ta taka, sannan ki mayar da lensi kan MF, wato fokos na hannu, don kada ya sake nema. Ki matse ƙofar haske zuwa f/11 in rana ta isa, don ki samu ƙarin zurfi, ki ɗan ja zum baya ki bar fili a kowane gefe. Sai rimot, na waya ko marar waya, wasu kyamarorin ma da wayar hannu ake danna su. Kina jingine a kujera, ko a kwance ma, idonki a kan reshe ba a kan kyamara ba. Ya sauka, ki danna ki riƙe, ta ɗauki huɗu ko biyar a jere, ɗaya zai zo da kai a juye wajen haske. In an kafa ta daram a kan mai ƙafa uku, tsofaffin lensi suna so a kashe musu VR ko IS, wato mai rage rawar hannu, don in ba su ji rawa ba sai su ƙirƙiro tasu.

An ɗaga min takarda lokaci ya ƙare. Gyaran hoto ko? Akwai manhajojin darktable da RawTherapee, kyauta ne, a bar zaɓen hotuna sai ranar da jiki ya ƙi fita. Hajiya, jakar nan a yi mata ɗinki biyu, in yashi ya tsiyaye ya shiga zoben lensi, gyaran ya fi jakar tsada nesa ba kusa ba.