Ƙofar Da Injiniya Ya Bari A Buɗe

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

A daren 2 ga Nuwamban 1988, wani ɗalibin jami'ar Cornell da ke Amurka, Robert Tappan Morris, ya saki wata 'yar manhaja mai yaɗa kanta a intanet. Kafin gari ya waye, kwamfutocin jami'o'i da cibiyoyin bincike sun fara sarƙewa ɗaya bayan ɗaya. An ƙiyasta cewa ta kama kusan 6,000 daga cikin kimanin 60,000 da ke haɗe a lokacin. Ɗaya daga cikin hanyoyin da ta bi ita ce Sendmail, manhajar da ke kai saƙon imel. Akwai wani umarni a cikinta, DEBUG, wanda aka sa domin gwaji, sai aka rarraba ta da shi a kunne. Duk wanda ya aiko da kalmar nan daga nesa, yana iya sa kwamfutar ta aiwatar da abin da yake so.

Sama da shekara 35 ke nan, kuma har yau ba mu rabu da wannan ƙofa ba. Sunanta da lambarta ne kawai ke canzawa.

Mai rubuta manhaja ba ya ganin cikinta da ido. In ta ƙi aiki, yana buƙatar kayan bin diddigin kuskure, wanda zai ba shi damar tsayar da ita a tsakiyar aiki, ya leƙa abin da ke ƙwaƙwalwarta, ya sauya wata lamba, ya ba ta umarni ya ga yadda za ta yi. In babu cikakken iko, kayan ba shi da amfani. Kuma da yawansu an gina su ne bisa zaton cewa mai gida ne kaɗai zai zo, shi ya sa ba sa tambayar suna, ba sa tambayar kalmar sirri. Hanyar bin diddigi ta Java, wani harshen rubuta manhaja, alal misali, haka take: duk wanda ya iso ya yi sallamar da ta sani, ta amsa. Saboda haka idan aka ce an yi kutse ta irin wannan hanya, sau da yawa ba a fasa komai ba. Kayan ya yi aikin da aka ƙera shi domin yi, sai dai ga baƙo.

Yadda ake faɗawa ciki kuwa ba wuya. Injiniya ne zaune ƙarfe biyun dare, manhaja tana aiki lafiya a kwamfutarsa amma ta ƙi a saba, wato kwamfutar da ke yi wa jama'a hidima ta intanet. Kayan bin diddigin yana sauraro a adireshin 127.0.0.1, ma'ana daga cikin na'urar kaɗai za a iya yi masa magana. Shi kuma yana so ya leƙa daga nesa. Sai ya goge lambar ya rubuta 0.0.0.0, ma'ana a saurari kowa daga ko'ina. Ya gano matsalar, ya gyara, ya ce da safe zai mayar. Gari ya waye da wani aikin.

Wani zai ce, to wa zai gano ƙofa guda a cikin adireshi kusan biliyan 4.3? A 2013 masu bincike a jami'ar Michigan sun fito da ZMap, wadda ke iya ƙwanƙwasa ƙofa guda a kowane ɗaya daga cikin adireshin nan cikin ƙasa da minti 45, da kwamfuta ɗaya mai layi mai sauri. Shafin Shodan kuwa tun 2009 yake tattara sunayen na'urorin da ke amsawa. Ba sai wani ya yi niyyarka ba, layi ake bi gida-gida.

Kamfanin Patreon, inda masu fasaha ke karɓar tallafin masoyansu, ya ɗanɗana wannan a Satumban 2015. Yana da wata sabar gwaji da ke fuskantar intanet, da kayan bin diddigi na Werkzeug a kunne. Shi wannan kaya, idan manhaja ta yi tuntuɓe, yakan nuna shafin kuskure a burauza, tare da ɗan akwatin da za ka rubuta umarni da harshen Python sabar ta aiwatar nan take. Ga injiniya rahama ce. Ga ɓarawo ma haka. Abin takaicin, kamfanin tsaro na Detectify da ke Sweden ya ce ya gargaɗe su kwana biyar kafin a shiga. An kwashe bayanai kusan gigabait 15 aka watsa, ciki har da adireshin imel kimanin miliyan 2.3. Bayan nan ne Werkzeug ya fara neman lambar sirri kafin ya buɗe akwatin. Ihu bayan hari, amma dai ya fi shiru.

Kada mai sauraro ya ɗauka wannan rigimar injiniyoyi ce kawai. A Fabrairun 2018, masu binciken Netlab na kamfanin 360 a ƙasar Sin sun gano wata tsutsa da aka kira ADB.Miner. Tana neman na'urorin Android da suka bar ƙofa mai lamba 5555 a buɗe, wato ƙofar bin diddigi ta Android, ta shiga ta sa su haƙar kuɗin intanet na Monero. Dubban na'urori ta kama, ciki har da akwatunan talabijin, kuma wasu a haka suka fito daga masana'anta. Mai na'ura bai taɓa komai ba. Sai dai ya ga akwatinsa ya ɗau zafi, hoto yana tsayawa, ya ɗora laifi kan layi.

Na baya-bayan nan ma ya fi ɗaga hankali. A Disamban 2024 mujallar Der Spiegel da ƙungiyar Chaos Computer Club ta Jamus sun bayyana cewa Cariad, reshen manhaja na Volkswagen, ya bar wata hanyar duba lafiyar manhaja a buɗe, wadda ke miƙa kwafin ƙwaƙwalwar saba ga duk wanda ya nema. A cikin kwafin aka tsinci makullan rumbun ajiya, a cikin rumbun kuma bayanan motocin lantarki kusan 800,000, har da inda da yawansu ke kwana da inda suke yini.

A ganina, an cika saurin ɗora laifi kan injiniyan da ya manta. Ya yi sakaci, ba musu. Amma mantuwa halin ɗan Adam ce, kuma maƙerin da ya san kayansa na ba da cikakken iko bai kyauta ba idan ya tsaya ga rubuta gargaɗi a shafi na arba'in na littafin bayani. Java sai a fitowa ta 9, a 2017, ta mayar da sauraron cikin gida ya zama tsarin asali. Me ya hana tun farko? Masu ƙera kayan za su ce kulle na rage wa injiniya sauri, kuma gaskiya ne. Sai dai 'yan daƙiƙoƙin da zai ɓata wajen rubuta lamba ba su kai asirin mutum miliyan biyu na Patreon ba.

Ko sauraron cikin gidan ma ba shi ne ƙarshen magana ba. A 2018 an gano cewa shafin intanet na mugunta zai iya yaudarar burauzar injiniya ta yi magana da kayan bin diddigin Node.js, wani dandalin gudanar da manhaja, a ƙofa ta 9229 ta cikin kwamfutarsa. A 2025 kuma Google ya taƙaita irin wannan ƙofa a burauzarsa ta Chrome, fitowa ta 136, saboda ɓarayi na amfani da ita wajen satar shaidar shiga shafuka.

Ga masu riƙe da saba, in dole ne a leƙa daga nesa, a bi ta rufaffen layin SSH, a bar ƙofar a 127.0.0.1, sannan a riƙa binciken sabar daga waje kamar yadda baƙo zai yi. Kai kuma mai waya ko akwatin talabijin na Android, ka shiga saiti ka nemi sashen masu haɓaka manhaja. Ɓoye yake, sai an taɓa lambar siga sau bakwai yake bayyana, don haka in ka same shi a fili kuma ba kai ka buɗe ba, wani ne ya buɗe ko kuma a haka ya fito daga masana'anta. Ka duba ko bin diddigi ta USB ko ta hanyar sadarwa yana kunne, ka kashe shi.

A huta lafiya.