Samfa, ganyen da ke zuwa da gishirinsa

Auta: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ma mu uku ne. Ni da Gwaggo muna kicin ɗinta a nan Norwich ta ƙasar Ingila, Baffa kuma yana kan waya daga Kano. Baffa, kana jin mu?

Baffa: Ras nake jin ku. Ku dai ku gaya min abin nan da kuka hana mutane sakat da shi tun ranar Juma'a.

Auta: Hoton kifin nan ke nan, mai wani koren abu a ƙarƙashinsa. Gwaggo, tun da kika saka shi a zauren WhatsApp na gida, saƙo ya ƙi ƙarewa. Wannan ta ce lansir ne, waccan ta ce ɗanyen wake ne aka yanka.

Gwaggo: Babu ko ɗaya. Sunanta samfa. Haka mutanen Norfolk, yankin nan da Norwich take, ke faɗa, samfa, kamar Bahaushe ne ya raɗa mata. Tsiro ce ta bakin teku, a cikin taɓon da ruwan gishiri ke rufewa sau biyu a rana ya janye. Ba ta da ganye irin wanda muka sani, 'yan gaɓoɓi ne kore shar, cike da ruwa, tsayinta bai fi taki ɗaya na hannu ba. In kin ciza sai ki ji garas, sai kuma ruwan gishiri ya cika miki baki.

Baffa: To ai wannan ciyawa ce, Hajiya.

Gwaggo: Yaya, zogale ma ai a jikin danga muka same shi. Ka bari in gama. Abin da ya sa na ce lallai mu yi maganar yau, wata 'yar uwarmu da ke Manchester ta ga hoton, ta je ta saya, ta kira ni ranta a ɓace. Ta ce gishiri ya yi zau, ba wanda ya iya kai loma ta biyu. Na ce yaya kika yi? Ta ce ta soya albasa da attaruhu, ta jefa dunƙule biyu, ta barbaɗa gishiri, ta zuba samfa, ta rufe tukunya minti ashirin.

Auta: Innalillahi.

Gwaggo: Kuma ba laifinta ba ne. Haka aka koya mana. Hannunmu ya saba, da an ɗora tukunya sai ya nufi robar gishiri. Rama sai ta dahu an matse tsaminta, zogale sai ya daɗe a wuta. Ita wannan akasin haka take so. Ki wanke ta sau biyu ko uku a ruwan sanyi saboda yashi, ki tsinke gindin da ya yi tauri. Ruwa ya tafasa, ba gishiri ko ƙwaya ɗaya, ki zuba ta minti 2, in ta ɗan manyanta minti 3. Ki juye a gwagwa. Tana da zafinta ki sa man shanu, wanda ba a sa wa gishiri ba, ki matsa lemon tsami, ki ɗan barbaɗa masoro. Shi ke nan an gama.

Baffa: Ba dunƙule?

Gwaggo: Ba dunƙule.

Baffa: Ko rabi?

Gwaggo: Ko ƙyasinsa, Yaya.

Baffa: To daddawa fa? Ita ai ba gishiri ba ce.

Auta: Na san za a zo nan. Masu sauraro, duk shirin da muka yi tun farko, ba wanda Baffa bai kawo daddawa ba. Ranar da muka yi maganar shayi ma sai da ta shigo.

Baffa: Saboda gaskiya ce. A nuna min miyar da daddawa ta ɓata.

Gwaggo: Ba miya ba ce wannan.

Baffa: To a mayar da ita miya mana. A busar, a daka, a kaɗa kamar kuka.

Gwaggo: Ka san abin mamaki? A Koriya ta Kudu suna busar da ita su niƙa, su yi amfani da garin a madadin gishiri. Ba ka yi nisa da gaskiya ba. Amma miyar kaɗi, a'a, ba ta da yauƙi.

Baffa: Kin ji ko, Auta? Koriya ma suna bayana. Saura su gano daddawa.

Auta: Ai suna da tasu ta waken suya.

Baffa: To alhamdu lillahi, ashe mutanen kirki ne. Duk ƙasar da ta san ta bar wake ya kwana uku a rufe har ya yi wari, ta san abinci.

Gwaggo: Ku dawo da ni kan kifina. Dalilin da ya sa ake haɗa ta da kifi, ita ce gishirin farantin gaba ɗaya. Ranar nan kifin ban sa masa komai ba sai tafarnuwa da ɗan barkono, na soya shi sama-sama a kasko, na shimfiɗa samfa a ƙasa na ɗora shi. In kin haɗa loma, laushin kifin da garas-garas ɗinta, ba ki neman ƙari. Da ƙwai ma tana tafiya, da dankalin Turawa dafaffe. Tsofaffin nan garin kuwa ba ruwansu da wannan ƙawa. Su da saiwarta suke dafawa a da, a zuba ruwan tsami na kwalba da man shanu, mutum ya kama gindin da hannu ya zuge naman da haƙori, ya bar tsinken tsakiya. Don in ta tsufa, wajen ƙarshen Agusta, wani zare mai tauri yake fitowa a cikinta.

Auta: Kamar yadda muke zuge 'ya'yan zogale a miya.

Gwaggo: Yauwa, haka ɗin. Lokacinta gajere ne, daga Yuni zuwa ƙarshen Agusta, in an yi sa'a farkon Satumba. Da kaka ta shigo sai ta rikiɗe ta yi ja, fadamar gaba ɗaya ta koma kamar an shanya barkono. In kika bi hanyar bakin teku ta wajen Blakeney da Cley da Stiffkey a watan Yuli, za ki ga an ɗaura ta ƙulli-ƙulli a kan tebur a ƙofar gida, da ɗan akwatin da za ki jefa kuɗi. Ba mai tsaro. Wadda ake gani a manyan kantuna lokacin sanyi kuwa yawanci nomawa aka yi a wata ƙasa mai zafi aka kawo a jirgi. Ana ci, amma ni a bakina ba ta kai ta taɓon ba.

Baffa: To me zai hana ku je ku tuge da kanku, tunda ba mai ita?

Gwaggo: Akwai mai ita. Dokar kare namun daji da tsirrai ta 1981 ta hana a tuge tsiron daji da saiwarsa ba da izinin mai filin ba, wuraren da yawa kuma keɓaɓɓu ne saboda tsuntsaye. Kuma ko ba doka, tsiro ce ta shekara ɗaya. In kowa ya tuge kafin ta zubar da iri, baɗi sai taɓo zalla. Almakashi ake ɗauka a yanki kan, daidai na tukunya ɗaya. Sannan don Allah, wannan da gaske nake, duk wanda zai shiga fadamar nan ya duba lokacin cikar teku. Ruwan ta bayanka yake zagayowa, ya cike rafukan da ka tsallako, kana sunkuye ba ka sani ba.

Auta: Gwaggo, akwai wanda ya tambaya, ya ce ya sayi wata a kwalba, da ya buɗe ƙamshinta ya yi masa ƙarfi, kamar ba ita ba.

Gwaggo: Wataƙila ta dutse ce. Iri biyu ne masu suna ɗaya, kuma ba dangi ba ne. Ta dutsen a jikin tsaunin bakin teku take fitowa, dangin karas ce, ita ake jiƙawa a ruwan tsami. Asalin sunan ma nata ne, daga Faransanci, ganyen Waliyyi Bitrus, wanda Kiristoci ke ɗauka majiɓincin masunta. Ta fadamar daga baya ta ari sunan. A Faransa salikon suke ce mata. A Turkiyya kuwa sunan da suka ba ta ma'anarsa waken teku, kuma irin wakenmu suke nufi, farin nan mai baƙin ido. Su sukan dafa ta sosai, su zuge daga tsinken, su kwaɓa da man zaitun da tafarnuwa da lemon tsami, a ci da sanyi.

Baffa: Ni abin da ya tsaya min a rai, wannan gishirin nata. In aka ƙona ta, ai tokar za ta yi kanwa.

Gwaggo: Yaya, wa ya gaya maka?

Baffa: Ba wanda ya gaya min. Na tuna Inna ne da tukunyar ruwan tokarta, mai huji a ƙasa, tana ɗiga dare ɗaya.

Gwaggo: Allah ya jiƙan Inna. To abin da Turawan da suka yi ke nan. Ɗaya sunan nata da Turanci ma'anarsa ciyawar gilashi. Tara ta suke yi su busar su ƙona, tokar a haɗa da yashi a narka a yi gilashi, ko a dafa da kitse a yi sabulu. Sai da wani Bafaranshe, Nicolas Leblanc, ya fito da hanyar samar da sinadarin da ke cikin tokar daga gishiri a 1791 sannan sana'ar ta fara mutuwa.

Baffa: Sabulun salo ke nan! Toka da mai. Kuma ga mutanen Masaga a Bida da munduwar gilashinsu. Ashe ilimin ɗaya ne, kowa da abin da ƙasarsa ta ba shi. Mu kanwa, su ciyawa.

Auta: Yanzu kuma an koma kanwa.

Baffa: Ai dole. Ungurnu daban, jar kanwa daban, manda daban. Yaran yanzu duk kanwa suke ce musu. Ki sa wadda ba ita ba a ɗanwake ki ga yadda zai watse a tukunya. Makiyayi kuma ya san amfaninta, shi ya sa ake kora dabbobi har Ingal a Nijar ƙarshen damina, su lashi ƙasar gishiri.

Gwaggo: To a Faransa, wajen Mont-Saint-Michel, tumaki a irin fadamar nan suke kiwo, suna cin samfa da 'yan uwanta. Naman yana da sunansa na musamman a kasuwa, ya fi sauran tsada.

Baffa: Ragon da ya sa wa kansa gishiri tun yana raye. Wannan a kawo shi Kano a ba mai tsire.

Gwaggo: Zai zuba masa dunƙule a yaji ya ɓata shi.

Baffa: Da daddawa dai...

Auta: Baffa! Gwaggo, saura minti biyu, kuma mun yi wa mutane alkawarin kwaɗon samfa, ga maganar jirgin sama ba mu taɓa ba.

Gwaggo: Jirgin a taƙaice: a Janairun 2019 jirgin Etihad ya tashi daga Abu Dhabi zuwa Amsterdam da man da aka gauraya da na 'ya'yan irin wannan tsiro, wadda aka noma da ruwan teku a hamada. Sauran sai wani makon. Kwaɗo kuwa, minti 1 kawai a tafasasshen ruwa, ki tsoma a ruwan ƙanƙara don korenta ya tsaya, tumatir, albasa, ɗan man gyaɗa, garin ƙuli-ƙuli. Amma ki ɗanɗana ƙulin tukuna, in mai gishiri ne ki rage shi ki ƙara kabeji. Masu hawan jini kuma kaɗan za su taɓa, don gishirin nata gishiri ne na gaske.

Baffa: A ƙullo min ko kaɗan in an tashi zuwa.

Gwaggo: Ba ta wuce kwana uku ko huɗu a firji, Yaya, kafin ta iso Kano ta yi laushi. Kai za ka zo a watan Yuli.

Auta: Lokaci ya ci mu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.