Kaburburan namu da ke ƙasar waje: wa ke duba su?

An rubuto wannan daga faifan wata lacca da aka gabatar a Yamai.

Assalamu alaikum. Iyayena da ke zaune a gaba, malamai, 'yan'uwa maza da mata, Allah ya saka da alheri da kuka zo.

A nan Yamai, in an kai mutum maƙabartar Yantala an rufe shi, magana ta ƙare, kabarinsa nasa ne. A Faransa ba haka abin yake ba. Wurin kabari haya ake kama shi daga ofishin magajin gari, galibi na shekara 15, ko 30, ko 50. In wa'adi ya cika, ana ba dangi shekara 2 su sabunta. In ba wanda ya zo, gari na da ikon karɓe wurin, a kwashe ƙasusuwan a kai wata ma'ajiya. Wanda kuwa aka rufe a filin kyauta, shekara 5 kawai doka ta lamunce masa. Ku dubi ɗan ci-rani da ya rasu ba mata ba ɗa a can, danginsa suna Tahoua ko Dogon Dutsi. Wa zai san wa'adinsa ya cika?

Wannan ne ya sa na shiga aikin sa kai a maƙabartar Musulmi ta Bobinyi, kusa da Paris, wadda aka buɗe a 1937. Akwai ɓangaren sojojin da suka mutu a yaƙin duniya na biyu, su gwamnati ke kula da su har abada. Sauran kaburburan ne abin tausayi.

Aikin ba wuya gare shi, sai dai haƙuri. Mukan tafi da bokiti, da buroshi mai laushi, da 'yar fartanya. Damshin ƙasar yakan sa gansakuka ta rufe dutsen da ke kan kabari har sunan ya ɓace. Ruwa zalla ake sa wa, a goga a hankali. Ba a sa jabel, wato ruwan bilic, don yana cin dutse. Lokacin sanyi yatsu har ƙagewa suke yi. Kana cikin gogawa sai harafi ya fito, sai wani, sai ka ga Mamadu ne, ko Aisha, da shekarar rasuwa. Nan take mu rubuta a littafi, mu ɗauki hoto, mu je ofis mu tambayi yaushe hayar za ta ƙare. In an dace da dangi, a tura musu ta WhatsApp. In ba a dace ba, mu yi karo-karo.

Na san wani malami zai ce, ai an hana gini a kan kabari. Gaskiya ne, Malam, Allah ya gafarta maka. Mu ma ba gini muke yi ba. Ciyawa muke cirewa, muna tsare wa mamaci makwancinsa, kamar dai gayyar da matasan unguwa ke yi a maƙabarta in damina ta wuce. Kuma ziyarar kaburbura sunna ce.

Wanda ya samu zuwa wajen Liyon, ya daure ya leƙa ƙauyen Shasle. A watan Yuni na 1940 sojojin Jamus suka karkashe baƙaƙen sojoji a yankin bayan sun miƙa wuya, saboda launin fatarsu. A 1942 aka kewaye musu maƙabarta da jan bango irin ginin ƙasashenmu, baƙaƙen sojoji 188 ke kwance ciki. Ana ce musu sojojin Sanagal, amma daga ko'ina cikin Afirka ta Yamma aka ɗebo su. Da dama ba a ma san sunansu ba. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

To, roƙona gare ku, duk mai ɗan'uwa da aka rufe a Faransa, ya nemo cikakken sunansa yadda yake a fasfo, da garin, da shekarar. Ga takarda nan a bakin ƙofa, a rubuta kafin a fita. Yanzu sai tambayoyi. Hajiya, na ga hannunki tun ɗazu, bismillah.