Gurbi da Sifili: Yadda Alamomi Goma Ke Rubuta Kowace Lamba

Ku dubi allo. Ga 25, ga 52. Alamomin nan biyu ne dai, 2 da 5, ba a ƙara komai ba, ba a rage ba. Amma in wani ɗalibi ya ci 25 a jarrabawa, wani ya ci 52, babu mai cewa sun yi kunnen doki. Abin da ya canza kawai shi ne inda kowace alama ta zauna.

Alamomi goma gare mu a lissafi, daga 0 zuwa 9, kuma da su kaɗai muke rubuta kowace lamba, komai girmanta. Yaya hakan ke yiwuwa? Saboda kowace alama tana samun darajarta ne daga gurbin da aka ajiye ta. A lambar da ba ta da ɗigo, gurbin da ke can ƙarshen dama shi ne na ɗaiɗai. Na gefensa ta hagu shi ne na gomomi, sai na ɗaruruwa, sai na dubbai. Duk gurbin da kuka matsa zuwa hagu, darajar ta ninka sau goma.

Bari mu gani da ido. Ga tsinkaye a kan tebur. Duk sanda suka kai goma, sai mu ɗaure su dami guda. In dami goma suka taru, sai mu haɗa su babban dami, wato ɗari. To, 52 dami biyar ne da tsinke biyu a warwatse. 25 kuwa dami biyu ne da tsinke biyar.

Yanzu ga tambaya. Muna da manyan damuna uku da tsinke biyar, babu ƙaramin dami ko ɗaya. In muka rubuta 3 da 5 kawai, mai karatu zai ga 35. Dole a sa wani abu a tsakiya ya tsare gurbin gomomi, ya nuna cewa gurbin yana nan, sai dai babu kowa a ciki. Wannan shi ne aikin sifili: 305. A nan ne yara da yawa ke tuntuɓe. Malami ya ce a rubuta ɗari uku da biyar, sai yaro ya rubuta 300, ya liƙa 5 a bayanta, ya sami 3005. Abin da kunnensa ya ji ya rubuta, amma abin da ke kan takarda dubu uku da biyar ne.

Ba haka duniya ta tashi ta tarar da wannan tsari ba. Rumawa da haruffa suke rubuta lambobi, kuma ba su da alamar sifili. In suna son rubuta 388, sai sun jera haruffa 11: CCCLXXXVIII. Ku gwada ninka wannan sau 27 a haka, ku ji yadda kai ke ɗaukar zafi. Tsarin da muke amfani da shi daga Indiya ya fito. A shekarar 628, masanin Indiya Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin lissafi da sifili, ya ɗauke ta a matsayin lamba mai zaman kanta. Wajajen shekarar 825, masanin lissafi Alkhawarizmi ya rubuta littafi a Bagadaza kan lissafin mutanen Indiya. Shi kuwa Fibonacci, ɗan birnin Pisa na Italiya, a garin Bijaya da ke ƙasar Aljeriya ta yau ya koyi tsarin yana saurayi, kuma littafinsa na shekarar 1202 ya taimaka wajen yaɗa shi a Turai.

Mu koma kan tebur, mu yi tarawa: 47 a tara da 38. Daga dama ake farawa. 7 da 8 sun ba mu 15. A aji akan ce, rubuta 5, riƙe 1. Ɗayan nan da aka riƙe, mene ne shi? Ku dubi hannuna: tsinkaye 15 ne, na ɗaure goma sun zama dami guda, biyar sun rage. Damin nan shi ne ya haura gurbin gomomi. Dami 4 da 3 da wannan sabon, 8 ke nan. Jimla 85.

Ɗebewa ce ta fi ba ɗalibai wahala, don haka mu ɗan tsaya a kanta. 52 a ɗebe 17. A gurbin ɗaiɗai akwai 2 a sama, 7 a ƙasa. Mai gaggawa sai ya juya su, ya ce 7 a ɗebe 2 saura 5, ya ƙare da 45. Ku gwada amsar: 45 a tara da 17 ya ba da 62, ba 52 ba, ashe an yi kuskure. Abin yi shi ne aro. Mu kwance dami ɗaya daga cikin biyar, tsinkayen warwatse su zama 12, damuna su koma 4. 12 a ɗebe 7 saura 5, 4 a ɗebe 1 saura 3. Amsa 35.

To, idan maƙwabcin da za a ara a wurinsa sifili ne fa? Ga 403 a ɗebe 158. 3 ba ta isa a ɗebe 8 ba, gurbin gomomi kuma wayam. Sai mu wuce gurbin ɗaruruwa, mu kwance babban dami ɗaya. Manya sun koma 3, ƙananan damuna 10 sun bayyana. Daga cikinsu mu sake kwance ɗaya: ƙanana sun koma 9, tsinkaye sun zama 13. Kun ga inda 9 ɗin nan da ake rubutawa a kan sifili ta fito? Wanda ya haddace ta ba tare da ya ga an kwance damin ba, ranar da sifili biyu suka jeru sai ya rasa na yi. Mu ƙarasa: 13 a ɗebe 8 saura 5, 9 a ɗebe 5 saura 4, 3 a ɗebe 1 saura 2. Amsa 245.

Akwai wata gajeriyar hanya da ni dai ba na son a koya wa yara ita tsurarta: wai in za ka ninka lamba sau 10, ƙara mata sifili a baya. 36 sau 10 ya ba da 360, gaskiya ne. Amma 2.5, wato biyu da rabi, sau 10 fa? In kun liƙa sifili kun sami 2.50, wadda daidai take da 2.5, ba ku matsa ko'ina ba. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne kowace alama tana matsawa gurbi ɗaya zuwa hagu. 2 ta bar ɗaiɗai ta koma gomomi, 5 ta shigo ɗaiɗai, aka sami 25. A 360 ma haka ne, sifili ta zo ne kawai ta tsare gurbin da 6 ta bari.

Yanzu ku ɗan dakata, ku ɗauki fensir. 1002 a ɗebe 367. Kafin ku soke kowace alama, ku faɗi da baki wane dami kuke kwancewa. In kun gama, ku tara amsarku da 367, ku ga ko za ta mayar da ku 1002.