Cy Young: manomin da ba ya barin fili sai an tashi wasa

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai da sauran jama'a, sannunku da haƙurin zama.

Maganarmu ta yau a kan wani Ba'amurke ce, Denton True Young, wanda aka fi sani da Cy Young, gwanin jifa a wasan besbol. Na san yawancinmu ƙwallon ƙafa muka tashi da ita, to bari in share hanya tukuna. A wasan besbol, mutum ɗaya ke tsayawa a tsakiyar fili yana jifa da ƙwallo, wani yana gabansa da sanda yana jiran ya buga, na uku ya tsuguna a bayan mai bugun don ya cafe. Zagaye tara ake yi. Nauyin wasan yana kan mai jifa, kuma aiki ne mai cin kafaɗa ƙwarai.

An haifi Young ranar 29 ga Maris, 1867, a ƙauyen Gilmore da ke jihar Ohio. Daga aji shida ya bar makaranta ya koma gonar mahaifinsa. Ku riƙe wannan, don noma da faskaren itace su suka gina masa jikin nan. A 1890 ya je gwaji a garin Canton, jifansa ya farfasa katakon shingen filin, har aka ce kamar guguwa ta bi ta wurin. Kalmar guguwa a Turanci, wato cyclone, ita aka gutsure ta zama Cy. A watan Agustan shekarar ya fara wasa a babban rukuni, wato matakin ƙoli na besbol a Amurka, tare da ƙungiyar Cleveland Spiders. Ana ba da labarin cewa mai cafe masa ƙwallo, Chief Zimmer, yakan cusa yankan nama cikin safar hannunsa don rage raɗaɗi. Ku auna ƙarfin jifan da ke sa ƙato ya nemi taimakon mahauci.

A 1893 aka ƙara tazarar mai jifa ta koma ƙafa 60 da inci 6. Gwanaye da dama suka kasa sabawa, shi kuwa bai girgiza ba. Ya je St. Louis a 1899, ya koma Boston a 1901, kuma shi ya yi jifan farko a gasar World Series ta farko, wato karawar fitar da zakaran shekara, a 1903, wadda Boston ta lashe a hannun Pittsburgh.

Ranar 5 ga Mayu, 1904, yana da shekara 37, ya kara da Philadelphia Athletics. Masu bugu 27 suka fito ɗaya bayan ɗaya, duk ya mayar da su, ko mutum ɗaya bai taka zangon farko ba, wato wurin da mai bugu ke fara rugawa bayan ya buga ƙwallo. Na ƙarshensu Rube Waddell ne, mai jifan abokan karawar, wanda ake ji da shi a lokacin.

Kowa kan ambaci nasararsa 511, kuma lallai ba wanda ya kai ta. Amma ni abin da ke taɓa zuciyata shi ne 749: wasannin da ya fara da hannunsa, ya kuma ƙarasa ba a canza shi ba. A yau mai jifa kan yi zagaye biyar ko shida a hutar da shi, a kawo wani. Young ya yi kaka 22 yana wannan, ya sha kaye fiye da sau 300, kuma duk ranar da layi ya zo kansa sai ya karɓi ƙwallo. Ya ajiye wasa bayan kakar 1911 yana da shekara 44, ya koma gonarsa a Ohio.

Tsufan bai zo masa da wadata ba. Matarsa Roba ta rasu a 1933, ya sayar da gonar, ya tare gidan maƙwabta yana taya su ƴan aikace-aikace. Ya mutu ranar 4 ga Nuwamba, 1955, yana da shekara 88. Shekarar da ta biyo baya aka ƙirƙiro kyautar gwarzon mai jifa da sunansa. Wanda ya fara ɗaukar ta Don Newcombe ne na Brooklyn Dodgers, baƙar fata, alhali a zamanin Young an rufe wa baƙaƙe ƙofar babban rukuni.

To, mai tambaya ya ɗaga hannu a miƙa masa lasifika.